Ranar da Wata Mai Kemis a Ingila Ta Hana Ni Man da Na Saba Saya

Tun ina saurayi nake fama da amosanin kai, amma sai da na yi hunturun farko a kudancin Ingila sannan na san cewa abin da muke ɗauka ƙaramar matsalar gashi ce yana iya mamaye fuskar mutum har ya hana shi sakewa a cikin jama'a. Sanyin ƙasar nan yana cin fata a waje, idan kuma an shiga ɗaki sai a tarar da na'urar ɗumama gida ta busar da iska sarai. Gefen hancina ya fara saɓa, girata ta cika da farin ɓawo, gemuna yana zubar da gari a kan rigar sanyi mai duhu, bayan kunnuwana kuma ya tsattsage har yana yi mini raɗaɗi idan ruwa ya taɓa. Man da na zo da shi daga gida, wanda wani mai kemis ya haɗa ni da shi shekaru da dama da suka wuce yana cewa shafawa ɗaya ta wadatar, ya ƙare a daidai lokacin da na fi bukatarsa, saboda haka na ɗauki kwalinsa na nufi kantin magani na unguwarmu da niyyar in miƙa kuɗi a miƙo mini sabo.

Matar da ke kula da kantin ta karɓi kwalin, ta karanta ƙananan rubutun da ke gefensa, sai ta ɗago kai ta tambaye ni a ina nake shafawa, kuma tun yaushe. Akwai mutane a layi a bayana, kowa ya yi shiru yana jira. Da na ce a fuska ne, sai ta ajiye kwalin ta ce abin da ke cikinsa klobetasol ne, ɗaya daga cikin sitiroyid, wato magungunan kwantar da kumburi, mafiya ƙarfi da ake shafawa a fata, kuma dokar ƙasar ba ta yarda a sayar da shi sai da takardar likita, likitan ma da wuya ya rubuta shi don fuska. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ji na yi kamar an kama ni ina neman haramtaccen kaya, ni da ban taɓa shiga kemis da kuɗina an ce mini a'a ba. Na juya zan fita, sai ta roƙe ni in dakata ta sallami na bayana, sannan ta buɗe wani ɗan ɗaki a gefen kanti, irin wanda yawancin kantunan magani na nan suke da shi don ganawa da mutum a keɓe, ta zaunar da ni ƙarƙashin fitila mai haske.

A madubin da ta miƙo mini ta nuna mini yadda fatar gefen hancina ta yi laushi tana sheƙi, ta fi sauran fuskar haske, ga kuma ƙananan ƙuraje sun kewaye bakina. Ta ce ciwon daban, ɓarnar maganin daban. Sitiroyid mai ƙarfi yana kwantar da kumburi da ƙaiƙayi cikin sauri, abin da ya sa mutum yake rantsuwa da shi ke nan, amma idan aka daɗe ana shafa shi, musamman a fuska inda fata ba ta da kauri, yana sirantar da ita, yana fito da ƙananan jijiyoyin jini, yana kawo ƙuraje, yana dusashe launi, kuma da zarar an daina sai ciwon ya dawo da ƙarfin da ya fi na da. Ko haidrokotizon mai kashi 1 cikin 100, wanda yake cikin mafiya sauƙi a danginsu, ba ta da izinin sayar mini da shi don fuska, a sauran jiki ma ba a wuce kwana 7 ana shafawa sai da shawarar likita.

A wannan ɗan ɗakin ne aka fara yi mini bayanin ciwon da na girma da shi. Likitoci suna kiransa seborrheic dermatitis, kuma amosanin kai shi ne mafi sauƙin nau'insa. Akwai wata ƙwayar halitta dangin yis mai suna Malassezia, wadda aka raɗa wa sunan likitan Faransa Louis-Charles Malassez da ya bayyana ta a cikin ɓawon kai a 1874, kuma tana zaune a fatar kusan kowane baligi, mai ciwon da marar ciwon. Ba ta iya haɗa maiƙon da take bukata da kanta, don haka take rayuwa a kan maiƙon da fata ke fitarwa, tana narkar da shi tana barin ragowar da ke ratsa fatar wasu mutane ya jawo kumburi da saɓa. Shi ya sa ciwon yake bin wuraren da maiƙo ya fi yawa, wato fatar kai, gira, gefen hanci, bayan kunne, gemu da tsakiyar ƙirji. Dangin wannan ƙwayar ce kuma take haddasa ƙyasfi. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a ɗaukarsa daga mataji ko hular wani, ya fi yawa ga maza, kuma sanyi da bushewar iska da damuwa da ƙarancin barci duk suna tayar da shi. Abin da ya fi yi mini nauyi a zuciya shi ne da ta ce ba a warkewa daga shi gaba ɗaya, ana dai riƙe shi ne da kulawa, ya kwanta ya tashi.

Abin da ta sayar mini a ƙarshe shamfu ne mai ketokonazol kashi 2 cikin 100, wanda ke rage yawan ƙwayar, tare da man klotrimazol don gefen hanci da bayan kunne. Ta rubuta mini ƙa'idar a takarda: a wanke kai da shi sau biyu a mako na tsawon mako 2 zuwa 4, a bar kumfar ta yi minti 3 zuwa 5 kafin a ɗauraye, a shafa kumfar har gemu da gira a hankali ba tare da ta shiga ido ba, sannan idan ya lafa a koma sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu don kada ya dawo. Waɗannan mintocin jira su ne yawancin mutane ke tsallakewa, su cuɗa su ɗauraye nan take, sannan su ce maganin ba ya aiki. Ta kuma ce idan ɓawon ya yi kauri akwai shamfu mai salisilik asid da ke sassauta shi, akwai kuma mai kwalta, kuma ta nace lallai in ga likita saboda fuskata za ta yi tawaye idan na daina tsohon man.

Ta yi gaskiya, domin makonnin da suka biyo baya sun yi mini tsanani, fuskata ta yi zafi ta ƙara saɓa, kuma a lokacin ne na fi jin haushin yadda abubuwa suke tafiya a gida. Ina ƙaunar sauƙin da muke da shi, inda mutum zai shiga ya gaisa a tambaye shi iyali sannan a ba shi abin da ya zo nema, amma wannan sauƙin ne yake cinye fuskokin mutanenmu. Ana miƙa wa kowa man da aka cakuɗa sitiroyid da maganin ƙwayoyin cuta a ciki, don ƙaiƙayi, don ƙuraje, don makero, har jarirai ana shafa musu, kuma babu mai tambaya a ina za a shafa ko har zuwa yaushe. Wasu kuma da suka ga fatar tana haske sai su mayar da shi man kwalliya su riƙa zuba shi a cikin man shafawarsu na kullum. Mai sayarwa ya san abin da ke cikin kwalin, ko kuwa ya kamata a ce ya sani, kuma rashin faɗar a'a ga mai kuɗi a hannu cutarwa ce, ko da an yi ta da fara'a.

Sai dai kada wani ya ɗauka cewa komai na nan daidai yake. Ganin likita wahala ce ta kanta, domin sai an buga waya da sassafe an yi ta jira a layi, idan an yi sa'a a ba mutum rana a gaba, ganawar kuma kusan minti goma ce kacal. Likitan da na samu mutum ne mai kirki, amma ya daɗe yana neman jan da littattafansa suka ce zai gani, alhali a baƙar fata kumburin ba ya fitowa ja sosai, sai dai wurin ya yi fari-fari ko toka-toka, wani lokaci a kewaye kamar zobe a goshi ko kumatu, har a zaci makero ne. Hotunan da ake koyar da likitoci da su a nan yawancinsu na farar fata ne, kuma gyaran wannan giɓi bai daɗe da farawa ba. Ga ruwan famfo na kudanci da gabashin Ingila mai alli ne, sabulu ba ya kumfa da shi yadda ya kamata, yana barin fata a bushe kamar ana jan ta. Shawarar wanke kai sau biyu a mako ma an gina ta ne a kan gashin Turawa. Mace mai kitso ko mai gashi mai murɗewa, wanda yawan wanki da irin wannan shamfu ke busarwa har ya karye, tana bukatar a daidaita mata, ta riƙa sa shamfun a fatar kai kawai, ta bar shi ya jima, ta bi gashin da abin laushi, ko a rubuta mata magani na ruwa da ake ɗigawa tsakanin layukan kitso. Likitan dai ya rubuta mini wani mai da ba sitiroyid ba, takrolimus, wanda ake amfani da shi a fuska saboda ba ya sirantar da fata, kuma da shi ne fuskata ta fara dawowa.

Batun mai shi ne inda na fi son 'yan uwa su saurare ni. Mun saba idan muka ga farin ɓawo mu ce bushewa ce, mu lafta wa kai mai da kauri mu kwana da shi. Ɓawon amosani kuwa a kan maiƙo yake fitowa, kuma yawancin man tsirrai, irin su man zaitun, abinci ne ga Malassezia. Ɓawon zai kwanta ya manne a fata, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi, alhali ƙwayar tana ƙara yawa a ƙarƙashi. Idan gashi yana bukatar mai, a shafa shi a silin gashin, a bar fatar kai ta sha iska. A fuska kuma abin wanki mai laushi marar turare da man shafawa marar nauyi sun wadatar, a guji sabulu mai ƙarfi da soso da goge ɓawo da farce, domin kowace susa tana ƙara buɗe fatar.

Game da abinci, kantunan nan cike suke da kwalabe da gwangwanaye da ke alkawarin gyara fata daga ciki, intanet kuma cike take da masu cewa a daina burodi don akwai yis a cikinsa, ko a daina madara da alkama baki ɗaya. Yis ɗin burodi daban yake da wanda ke zaune a fata, kuma hana kai abinci iri-iri ba tare da dalili ba yana iya jawo ƙarancin da zai ƙara lalata fatar. Binciken da aka fi ambata a kan wannan batu an yi shi ne a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, aka wallafa a 2019, ya kuma shafi mutum sama da 4,000. An ga cewa masu yawan cin 'ya'yan itatuwa suna da ƙarancin ciwon da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, matan da abincinsu ya fi karkata ga irin abincin Turawa mai yawan nama kuma ciwon ya fi yawa a cikinsu. Wannan alaƙa ce aka gani a tsakanin mutane, ba ta kai a ce abinci shi ne magani ba, amma ta isa ta sa mutum ya gyara faranti. An kuma san cewa ƙarancin bitamin B2 da B6 da bayotin da zink yana fito da ƙuraje masu kama da wannan ciwon, sai dai wanda ba shi da ƙarancin ba ya ƙaruwa da komai don ya haɗiyi ƙwayoyin. Ni dai na ƙara 'ya'yan itatuwa da ganye da kifi, na rage zaƙi da soye-soye, ina kuma shan bitamin D maikrogiram 10 a kullum kamar yadda hukumomin lafiyar ƙasar ke shawartar masu duhun fata, saboda ranar nan ba ta isa jiki ya haɗa nasa ba. Ranar ce ma na fi kewa. Da bazara ta shigo aka fara ganin haske har yamma, ciwon ya lafa sosai, kamar yadda yake yi wa mutane da yawa, kuma sai na tuna cewa a gida ban taɓa ɗaukar hasken rana a matsayin wani abin da za a iya rasawa ba.

Akwai lokutan da shamfu da gyaran abinci ba su isa ba. Idan ciwon ya taso farat ɗaya da tsanani, ya bazu a jiki, ya ƙi jin magani, ya kamata a yi gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, domin ya fi yawa kuma ya fi tsanani ga masu ɗauke da ita, haka ma ga masu cutar Parkinson mai sa karkarwar jiki. Idan ɓawon ya yi kauri da iyaka bayyananniya, ya kuma fito a gwiwa ko gwiwar hannu, wataƙila wani ciwon fata daban ne mai suna soriyasis. Yaron da kansa ke ɓawo gashi yana zubewa a wurin, ƙora ce mai yiwuwa, kuma ita maganin sha take bukata, shafawa kaɗai ba ta kashe ta. Jariri mai ɓawon rawaya mai maiƙo a ka a watanninsa na farko kuwa, yawanci abin yana wucewa da kansa kafin ya cika shekara, kuma abin da yake bukata shi ne a tausasa ɓawon da man shafawa mai laushi, a wanke da shamfun jarirai, a goge da buroshi mai taushi, kada a ɓamɓare da farce, kada kuma a kusantar da man sitiroyid na manya ga kansa.