Shagon littattafan da ba a tambayarka wa kake bi

A Maraɗi, in ka shiga neman littafin addini, sau da yawa sai an fara auna ka. Ɗan Izala ne ko ɗan ɗariƙa? Ana duban tsawon wandonka, ana duban ko da tasbaha a hannunka, sannan mai shago ya san kantar da zai miƙa hannu. Akwai wani ɗan shago a bayan babbar kasuwa, kusa da masu sai da turare da dadduma, inda ba a taɓa yi mini wannan awon ba, kuma a kansa nake son yin magana.

Wurin ƙarami ne: kanta uku, benci ɗaya, tabarma. Mai shi dattijo ne, kowa Baba Malam yake ce masa. Yawancin kayansa daga kasuwar Kurmi ta Kano suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa, wasu bugun Bairut, wasu na Alƙahira. Ahalari da Ishiriniya na almajirai suna gaba, manyan littattafai suna ciki, na Sufaye da na masu sukarsu a kanta guda.

Ni malamin lakwal ne. Abin da ya kai ni wurinsa ba ƙaramin abu ba ne a gare ni. Na ce masa, "Baba, ina salla, ina azumi, amma na lura duk abin da nake faɗa a kan Allah da duniya, ko na gada ne, ko na ji a rediyo, ko an turo mini a WhatsApp. Ban san wanne ne nawa ba." Bai zaro ido ba, bai ce shaiɗan ne ya shige ni ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya fi mu ilimi ya riga ka wannan tambayar." Ya ɗauko mini Al-Munƙiz minad Dalal na Imamu Gazali.

Ɗan siririn littafi ne, jikka ɗaya da rabi na biya, amma ya hana ni barci. Gazali, mutumin da ke karantar da ɗalibai 300 a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, shi ne ya lura yara kan tashi a addinin iyayensu kawai, ya ce to ina gaskiyar da mutum ya tabbatar da kansa? Har idonsa ya tuhuma: inuwa kana ganinta a tsaye alhali tafiya take, tauraro kana ganinsa kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma. Inda ya fi taɓa ni shi ne da ya binciki niyyarsa ta koyarwa, ya tarar neman suna da matsayi ne. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, ya bar kujerar ya nufi Dimashƙa. Wannan fa malamin da muke kira Hujjatul Islam ne, kuma tambayar ba ta fitar da shi daga addini ba, cikinsa ta ƙara shigar da shi.

Darajar shagon a nan take. Baba Malam yana barin ka ka zauna ka duba shafi goma kafin ka saya, in Larabci ya cije maka ya warware, in ka tambayi ra'ayinsa kan saɓanin malamai ya nuna maka littafin kowane ɓangare.

Akwai abin gyara. Ƙura ta ci bangon littattafai da yawa, musamman bayan hunturu. Wasu bugun takardarsu ta yi laushi, tawada ta zarce zuwa baya. Farashi ya hau tun rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023, bai sauko ba. Fassarar Hausa kuwa kaɗan ce ƙwarai, wanda bai yi zaure ba sai ya jingina da wani.

Abin da ya fi damuna shi ne mata. Ƙanwata ta fi ni ƙishin irin wannan karatu, amma benci ɗaya ne, kullum maza ne a kai, sai ta tsaya daga waje ta aiki yaro. Na faɗa wa Baba Malam, ya ce zai duba. Mai son zuwa ya kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun kasuwa ne, ba zai sami natsuwar yin tambaya ba. Hantsin Talata ko Laraba ya fi.