Na kai yara sinima kallon kunkurun teku

Tun da autata ta ga hoton kunkuru a tallar fim ɗin ta hana ni sakat: "Umma, yaushe za mu je?" Ranar Asabar na kwashe su, ita mai shekara 4 da yayanta mai 7. Gaskiya ban sa ran za su zauna ba. Fim ne na halittun teku, babu katun, babu waƙa, sai murya ɗaya tana bayani a hankali. A raina na ce in mun yi minti 20 mun gode Allah.

Sai ga uwar kunkuru ta fito daga ruwa cikin dare, tana jan jiki a kan yashi da ƙyar. Ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai sama da 100, ta rufe, ta koma teku ko waiwaye babu. Yarona ya matso kusa da kunnena: "Umma, ta tafi ta bar su?" Na ce masa haka Allah ya yi su, ba ta dawowa, zafin yashin ne zai ƙyanƙyashe su. Mai bayanin ya ƙara da cewa zafin nan shi ke raba jinsi, idan yashi ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. Ni kaina ban taɓa jin wannan ba.

Bayan kimanin wata 2 yashin ya fara motsi, ƙananan kawuna suna ɓullowa, kowanne bai cika tafin hannun yaro ba. Suka nufi ruwa, tsuntsaye na sura ta sama, ƙaguwa na jira a bakin raminta. Kyamara ta bi guda ɗaya da ya kife rigingine yana ta wutsil-wutsil. Kawai autata ta miƙe tsaye a kan kujera ta ƙwala murya: "Tashi! Tashi ka gudu!" Na kai hannu zan zaunar da ita, sai na ji yaran layin baya sun ɗauka, har da wani uba. Da igiyar ruwa ta ɗauke shi, zauren ya kaure da tafi. Wallahi sai da na share ƙwalla. A talabijin ɗin gida ba za a samu wannan ba, girman allon ya sa kana ganin ƙwayar yashi a fatar idonsa.

Amma fa har yanzu raina a ɓace yake da abin da ya faru kafin a fara. Fim ɗin an rubuta na iyali ne, zauren cike da ƙananan yara, sai aka sako tallar wani fim na manya, harbe-harbe da wata fuska mai jini, ga lasifika an ƙure ta har kujera na rawa. Yarinyata ta cusa kanta a jikina tana karkarwa. Na fita na sami ma'aikacin ƙofa na ce, "Malam, don Allah a rage ƙarar nan, yara ne a ciki." Ya ce ba daga wurinsa ba ne, haka aka saita. Ba a rage ba har aka tashi, ko a wurin hadarin teku sai da ta toshe kunnuwa da hannu biyu. A daren ta farka sau biyu da kuka, kuma ba kunkuru ta ambata ba, fuskar nan ce.

Fim ɗin zan sake kai su ko gobe, yayan ma har ya zana ramin ƙwai a littafinsa. Wannan sinimar ce dai nake shakka. In ma na koma, a waje za mu tsaya sai tallace-tallacen sun ƙare, kuma kujerar da ke nesa da lasifika zan nema.