Haihuwa a ɗaki ko a asibiti?

A ƙauyukanmu na Jigawa, haihuwa a ɗaki tana da daɗinta: ungozoma ta san ki, inna na kusa, ruwan zafi na kan murhu, ba kuɗin mota. Amma in jini ya ɓalle bayan faɗuwar mabiyiya, ko jijjiga ta zo, ungozoma sai addu'a.

Asibiti akwai ɗawainiya. Tun wata 8 ki haɗa zannuwa, audugar mata, kayan jariri da katin awo, maigida ya shirya da mai mota, musamman da damina. Can kuwa ana auna hawan jini, akwai allurar tsai da jini, in ta kama a yi tiyata, kamar a babban asibitin garin Jahun. Ni dai ƙanwata can zan kai ta.