Labaran ban tsoro: wane littafi za ka fara saya?

In abin da kake nema shi ne ganin yadda marubuci ke yi wa mai karatu hannunka-mai-sanda kafin masifa ta auku, marubuta uku za ka auna: Edgar Allan Poe, W. W. Jacobs da Shirley Jackson. Dukkansu da Turanci suka rubuta.

Poe ya fi sauƙin samu, ya kuma fi wuyar karantawa. Turancinsa na ƙarni na 19 ne, sai da ƙamus a kusa. Amma wahalar tana biya. A "The Fall of the House of Usher" na 1839, baƙo na isowa ya hango wata siririyar tsaga a bangon gidan, tun daga rufi har ƙasa. Daga nan, kome ke faruwa a ciki, hankalinka na kan bangon nan. Kada ka sayi irin bugun da aka taƙaita don 'yan makaranta, domin irin waɗannan ƙananan alamun ne ke saurin salwanta wajen taƙaitawa.

A wajen Jacobs ake yin kuskure. "The Monkey's Paw" ya fito a 1902 cikin The Lady of the Barge, amma yawancin labaran littafin na raha ne. Wanda ya saye shi don tsoro zai ji an cuce shi. Gara ka nemi kundin da ya tara marubuta daban-daban, ko ka karanta kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg, inda na Poe ma suke. Labarin kansa kam ba na yarwa ba ne. Tsohon soja ya kawo busasshen hannun biri mai biyan buƙatu uku, ya ce mutumin da ya fara amfani da shi mutuwa ya roƙa a buƙatarsa ta uku, sannan sojan ya jefa shi cikin wuta. Maigida ya sa hannu ya zaro. Ka san ba alheri, amma ba ka san ta ina za ta ɓullo ba, shi ya sa fam 200 ɗin da maigidan ya fara roƙa ke tayar da tsigar jiki.

Ni dai Jackson zan ce ka kashe wa kuɗinka, don nata ba a sake shi kyauta ba tukuna. Nemi The Lottery and Other Stories. "The Lottery" ya fara fitowa a mujallar The New Yorker a 1948. Safiya ce mai daɗi a ƙauye, yara na tara duwatsu, wani ya cika aljihunsa da masu santsi. Karatun farko za ka ɗauka wasa ne. Sai ka kai ƙarshe ka komo shafin farko, gabanka ya faɗi. Turancinta mai sauƙi ne, labarin bai wuce zama ɗaya ba.

In bugun da ka samu yana da gabatarwa, tsallake ta sai ka gama, don masu rubuta ta sukan fasa ƙwai.