Nebulaiza ta hannu ga kare mai ciwon huhu, ta yi amma da sharaɗi

Masu tambaya ko nebulaizan nan ƙarama mai caji, wato na'urar da ke mayar da ruwa hazo a shaƙa, tana wa kare aiki, eh tana yi, amma kar wani ya saya da tunanin ya huta da zuwa wajen likitan dabbobi. Ni ma likita ne ya ce in nemo bayan hoton ƙirji ya nuna nimoniya, wato ciwon huhu, a jikin karena. Da busasshen tarin nan ya fara wanda karnuka ke ɗauka a wajen junansu in an haɗa su wuri ɗaya, yawanci ƙwayar Bordetella ce kuma sati ɗaya zuwa uku ya wuce, to nasa ƙin wucewa ya yi ya sauka ƙirji, ga zazzaɓi ga majina, abinci ma ko kallo ba ya yi.

Abin da ya fi burge ni shirunta. Babbar ta asibiti mai injin nan ƙararta kaɗai ta isa kare ya shige ƙarƙashin gado, wannan kuwa sai dai ka ga hazo yana fita. Ruwan salain, wato ruwan gishiri na asibiti, ake zubawa, ba ruwan famfo ba, ba kuma man ƙamshi ba don Allah, minti 10 zuwa 15 an gama.

Matsalarta abin rufe hancin, don fuskar mutum aka yi shi, sam bai zauna a dogon bakin kare ba, tururin duk ta gefe yake zurarewa. Dabarar da likita ya ba ni ita ce a sa karen a keji a yafa tawul a bar gefe ɗaya a buɗe, sai a riƙe na'urar kusa da hancinsa. Kuma ramukanta da hazon ke fita ƙanana ne sosai, in ba ka ɗauraye bayan kowane amfani ba gishiri ya toshe su, ga caji ba ya wani jimawa.

Inda aikin yake shi ne bayan an kashe ta. Ka lanƙwasa tafin hannu kamar za ka kamfato ruwa, ka riƙa bubbuga haƙarƙarinsa a hankali hagu da dama, nan za ka ji tarin ya jiƙe yana kakaro abin da ya daskare. Shi ya sa ba a ba mai nimoniya maganin tsayar da tari, so ake ya fitar.

Ita na'urar dai sassauta majina ne nata, kashe ƙwayar cutar aikin antibayotik ne kuma sai an shanye yadda aka rubuta ko da ya ware. Ka riƙa ƙirga numfashinsa in yana barci, in kullum yana haura 30 a minti ɗaya a kira likita, in kuwa dasashinsa ya fara komawa shuɗi-shuɗi to ajiye na'ura ka ɗauke shi sai asibiti. Zan sake saya, amma wannan karon sai na haɗa da abin hanci na karnuka.