Fakitin fik ɗin jita da na saya, ga yadda na gan shi

Jama'a masu koyon jita, fakitin nan mai fik kala kala, wato ɗan abin da ake riƙewa a kaɗa tsirkiyar jita da shi, gaskiya ba laifi. Akwai siriri 0.46mm, matsakaici 0.73mm sai mai kauri 1.14mm, wasu nailan wasu seluloid, duka nau'in roba ne.

Shi dai kiɗan nan duka jan tsirkiya ne gefe ka sake ta tayi ta rawa, rawar ce ke ba da sauti, to abin da ka ja ta da shi yana canza komai. Siririn lanƙwashewa yake kafin ya saki tsirkiyar, shi yasa yake da daɗi in kana share duka tsirkiyoyi shidan lokaci ɗaya, amma in ka zo tsintar tsirkiya ɗaya ɗaya da sauri sai ya dinga makara, ga wani ƙas ƙas da yake yi wanda ni dai baya min. Mai kaurin kuwa wallahi tas sautin ke fita, musamman kusa da gadar jita, wato wurin da tsirkiyoyin ke ɗore a jikin jitar, inda yake da kaifi, in ka matso wajen wuyan jitar sai ya yi laushi kusan irin na yatsa.

Matsalar ɗaya ce, na seluloid ɗin santsi gare su, hannu na yin gumi sai ya suɓuce ya faɗa ramin jitar, kayi ta girgiza ta a kife. Nailan ɗin akwai ɗan kaushi a wajen riƙewa, su basa haka. Sabon shiga ya fara da 0.73 kawai.