Hattara da masu sayar da gurbin jami'a da "hanyar" bashin NELFUND

Iyaye da ɗalibai, ina rubuta wannan ne raina a ɓace, domin abin a gidanmu ya faru.

Ɗan yayata ya zana jarrabawar JAMB, makinsa bai kai na fannin da yake so ba. Yana cikin wannan damuwa aka jefa shi wani zauren WhatsApp na masu neman gurbi. A nan wani mutum ya bi shi ta bayan fage, ya ce yana da kujeru uku daga kason da ake ware wa manya, kuma zai iya ƙara masa maki. Magana mai daɗi, ga yawan ambaton Allah. Ya yanka musu naira dubu 120. Yayata ta kwashi adashinta ta tura, ba ta gaya wa kowa ba, don ya ce harka ce ta sirri. Bayan kwana biyu sai ga takardar gurbi ta shigo waya, da tambari da sa hannu.

Da nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya nemi imel da kalmar sirrin shafin yaron na JAMB, wai zai shigar da sunansa. Daga nan ya ce zai samo masa bashin karatu na NELFUND, wato hukumar gwamnatin tarayya mai ba ɗalibai bashi, a biya dubu 15 kuɗin fom, a turo BVN da lambar katin ATM, sannan a karanto masa lambar da za ta shigo waya. Yaro ya karanto. Ɗan abin da ke asusunsa, wanda ya tara da aikin gyaran waya, ya tafi a daren. Ranar da ya je makarantar da takardarsa, aka duba aka ce babu sunansa. Layin mutumin a kashe yake har yau.

To ku ji yadda abin yake. Tun 2017 JAMB ke bayar da gurbi ta tsarin CAPS: makaranta ta tura sunan ɗalibi, JAMB ta amince, ɗalibi ya shiga shafinsa da kansa ya ga gurbin ya karɓa, sannan ya buga takardarsa daga can. Duk takardar da aka turo maka ta WhatsApp alhali shafinka bai nuna komai ba, tarkace ce. Batun ƙarin maki kuwa, ku tuna ɗalibar nan ta jihar Anambra a 2023, wadda ta nuna sakamako mai maki 362 alhali 249 ta ci. Asiri ya tonu, aka hana ta zana jarrabawar shekara uku. Ainihin makin yana hannun JAMB, abin da ɗan damfara ke iya gyarawa hoto ne kawai.

Shi ma bashin NELFUND, da aka buɗe nemansa a watan Mayun 2024, ba a sayar da fom ɗinsa. Ɗalibin da ya riga ya samu gurbi a makarantar gwamnati ne ke nema da kansa a shafin hukumar. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ɗalibi kuma a ba shi dubu 20 duk wata na kashewa. Babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. To wanda bai ma samu gurbi ba, ta ina wani zai samo masa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ɓoyewar. Da yayata ta tambayi ko da malamin makarantar yaron, da an tare ta tun kafin ta tura sisi. Sirrin da suke nema shi ne jarinsu.

In har kun riga kun faɗa, kada kunya ta sa ku yi shiru. Ku kira banki a toshe katin nan take, ku canza kalmar sirri, ku je ofishin JAMB na jiharku a duba ko an taɓa bayanan yaro, sannan ku kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC da rasit da hotunan hirar. Mu ma mun kai. Yaron ya koma karatu don jarrabawar baɗi, uwarsa kuwa tana nan tana zuba adashin da ba ta mora ba.